Sai Damina Ya Fara Shiga

Kawuna injiniyan ruwa ne. Abin da ya karanta ke nan a jami'a, kuma har yau akwai hoton wata madatsar ruwa manne a bangon ɗakinsa, ya koɗe, gefensa ya nannaɗe. Bai taɓa gina madatsa ba. Aikin da ya riƙe iyalinsa da shi shi ne saukar da ruwan sama a cikin fim. Duk wanda ya taɓa kallon saurayi da budurwa suna rabuwa ruwa na zuba a kansu, ko uwa tana gudu da jariri cikin mamako, to mai yiwuwa Kawu yana tsaye bayan kyamara a lokacin, hannunsa a kan famfo. 'Yan fim Damina suke ce masa. Matarsa, wadda muke kira Anti, Injiniya take ce masa, ko suna shiri ko suna faɗa.

Ba da niyya ya shiga harkar ba. Da ya gama karatu ya yi ta yawon ofisoshi har takalminsa ya cinye, daga baya ya haƙura ya zauna a shagon wani mai gyaran injin ban ruwa. Wata rana 'yan fim suka zo hayar inji da tiyo, maigidan ya ce Kawu ya bi su don kada su lalata masa kaya. Can ya tarar da wani ƙato a kan tsani, ya toshe bakin tiyo da babban yatsa yana fesa wa jarumi ruwa a fuska kamar mai wanke mota. Kawu ya kasa haƙuri.

"Malam," ya ce wa daraktan, "ruwan sama ba ya zuwa daga gefe. Ku harba shi sama, ku bar shi ya faɗo da kansa."

Kafin mako ya zagayo ya haɗa musu wani firam na bututai masu ƙananan huji, wanda ake ɗagawa sama da kan mutane. Daga nan bai sake komawa shagon ba.

Ummata, yayarsa, ba ta taɓa yafe masa wannan ba. Duk sanda ya zo gaishe ta sai ta ce, "A'a, ga mai yi wa ƙattai wanka. Duk karatun nan da aka sha wahala, ashe nan za a ƙare."

Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai cewa na yi da ruwa zan yi aiki. Ban ce wane iri ba."

Na zauna a gidansa shekarun da na yi a jami'a, saboda ya fi kusa da makaranta. Tsakar gidan cike yake da bututai, dogaye da gajeru, an jingina su a bango. Anti takan shanya wanki a kansu, shi kuma ya bi baya yana kwashewa yana mita. Kowane bututu da irin ruwansa. Akwai na bankwana, mai sauka a hankali don kada ya wanke hawayen jaruma tun ba a gani ba. Akwai na rasuwa, mai nauyi, mai sauka a miƙe. Akwai wanda yake kira na rashin mutunci, wanda ake kunnawa idan an kori mutum daga gida da akwatinsa. Da hannunsa yake huda su, da gilashi a ido, harshensa a tsakanin haƙora.

Shi ya gaya mini cewa ruwan sama na gaske ba ya fitowa a kyamara. Ɗigonsa ya yi ƙanana. Na fim sai an yi shi manya-manya, sannan a haska shi da fitila daga baya. Wato duk inda ruwan Kawu yake, akwai manyan fitilu a kusa, duk inda fitilu suke kuma akwai wayoyin wuta. Rabin aikinsa ba ruwa ba ne, raba ruwan da wuta ne. Kafin ya buɗe famfo sai ya bi kowace waya da hannu, ya ɗage ta daga ƙasa, ya rufe duk wani haɗi, ya kafa ƙarfe a ƙasa don wutar da ta ɓalle ta samu hanyar wucewa. Wannan ɓangaren ba wanda yake kallo. Lokacin ne 'yan wasa ke shafa hoda.

Wata shekara, a wurin ɗaukar wani fim da ba shi ya yi musu ruwa ba, wata jaruma ta taka ruwan da ya kwanta, wuta ta ja ta. Ta rayu, amma hannunta bai sake miƙewa ba. Nan da nan 'yan wasa suka yi rantsuwa ba su ba ruwa. Aikin Kawu ya tsaya cik. Da ƙyar wani darakta ya lallaso mutanensa, aka kafa bututai, aka kunna fitilu, ruwa ya fara zuba, amma kowa ya noƙe a jikin bango. Kawu ya yi bayani, ya nuna musu wayoyin, ya nuna ƙarfen da ya kafa. Kallonsa kawai suke. Sai ya zauna a kan wani akwati, ya cire takalmi da safa, ya naɗe ƙafar wando, ya taka zuwa tsakiyar ruwan. Ya buɗe hannuwa, ya juya, ya je ya dafa ƙarfen fitila da jiƙaƙƙen hannu.

"To ga ni," ya ce. "Wa ya mutu?"

Aka fashe da dariya, aka shiga. Tun daga ranar abin ya zama doka a tsakaninsu: ba mai taka ruwa sai Damina ya fara shiga.

Ya ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Yakan ba da labarin a gida yana buɗe hannuwa, yaransa suna kwaikwayonsa a banɗaki. Amma dokar ba sau ɗaya take aiki a wuni ba. Duk sanda aka matsar da fitila sai ya sake shiga. Canza kaya ba shi da amfani tunda zai koma, don haka a jiƙe yake wuni a bakin famfo. Yakan ajiye baƙin tanki a rana tun safe don ruwan ya yi ɗumi saboda 'yan wasa, sai dai ruwan farko, wanda ya daɗe a cikin bututu ya yi sanyi, a kansa yake ƙarewa. Jarumai suna fitowa a tare su da tawul da shayi. Shi kuwa a buga masa kafaɗa a ce, "Damina uban ruwa!"

Tarin ya fara kamar wasa. Daga baya muka saba da shi har muna gane dawowarsa tun daga bakin layi. Sai numfashinsa ya fara ƙara kamar ana busa cikin kwalba. Ranar da ya kasa ƙarasa gaisuwa ba tare da ya tsaya ya huta ba, Anti ta ɗauki mayafinta ta ce, "Injiniya, ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira Yaya." Ya tashi.

Likitan ya daɗe yana sauraren ƙirjinsa, sannan ya ce, "Malam, wane aiki kake yi?"

"Ruwan sama nake yi."

Likitan ya juya ya dubi Anti, ko zazzaɓi ne ke magana. Da ta yi masa bayani bai yi dariya ba. Ya ce, "Huhunka ya gaji. Idan ka ci gaba da wuni cikin jiƙaƙƙun kaya, wata rana ba da ƙafarka za ka shigo nan ba. Ka zaɓa."

Kawu bai yarda zaɓi ne ba. A ganinsa matsala ce irin ta injiniyoyi, kuma tana da mafita. Yana kwance yana jinya ya sa aka sayo masa kayan wuta, ya baje su a kan gado, Anti tana faɗa yana cewa to. Abin da ya haɗa ɗan akwati ne na ƙarfe, ana ratsa wutar fitilu ta cikinsa. Da zarar wuta ta ɓalle ta shiga ruwa, ko kaɗan ce, sai ya yanke ta gaba ɗaya. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba.

"'Yar Yaya, zo ki gani," ya ce mini. "Wannan ya fi ƙafata gaskiya. Ƙafata sai wuta ta ja ni sannan ta sani. Wannan kafin ki ji ya yanke." Ya yi tari, ya goge baki. "Ai da ma shigar da nake yi ba ita ke tsare kowa ba. Ina shiga ne don na riga na bi wayoyin. Wuta tana iya barin mutum a nan ta kama wani a can, taku kaɗan tsakani."

Ranar da ya koma aiki ba ni da lacca, Anti ta ba ni abin shaƙar da likita ya ba shi don numfashi da busassun kaya a jaka ta ce in bi shi. A wani tsohon sito ake ɗaukar, an toshe tagoginsa da baƙin yadi, an gina gaban gida na katako a ciki, har da ƙofa da tukunyar fulawa. Wurin yana warin fenti da jiƙaƙƙen siminti. Janareta yana ruri a waje, kusa da motar Mai Tanka, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kawo wa Kawu ruwa. Na samu lungu na zauna.

Kawu ya tara 'yan fim ɗin. Ya cika bokiti, ya ɗauki waya mai wuta da filaya, ya tsoma bakinta a ciki. Akwatin ya ce tak, fitilu suka ɗauke. Aka yi tafi a cikin duhu.

"Kai, Damina!" in ji Darakta. "Wallahi a ƙasar waje ya kamata a haife ka."

Aka mayar da wuta, aka buɗe famfo, ruwan bankwana ya fara sauka. Jarumar fim ɗin, wata doguwa mai zazzaƙar murya, ta tsaya a bakin ruwan ta harɗe hannuwa.

"To bismilla, Damina."

"Ranki ya daɗe, ai yanzu na nuna miki."

"Akwati ka nuna mini. Akwati yana da mata? Yana da 'ya'ya? In ya yi ƙarya gidan wa za a je ta'aziyya?"

Aka yi dariya. Kawu ya sake bayani, a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Na ji, Allah ya ƙara basira. Shiga."

Darakta ya matso ya dafa shi. "Haba Damina, ɗan shiga kawai ka fito. Ka san halin mutanen nan. Rana tana tafiya."

Kawu ya waiwayo ya dube ni, ya dubi jakar da ke cinyata. Sannan ya zauna ya kwance igiyar takalminsa. Ya ajiye su gefe guda a jere, ya cusa safa a ciki kamar yadda yake yi kullum, ya shiga ruwan. Aka matsar da fitila, ya sake shiga. Aka sake matsarwa. Busassun kayan da na kawo ya sa su sau ɗaya, su ma suka jiƙe.

Wannan karon, kamar yadda likita ya faɗa, ba da ƙafarsa ya shiga asibiti ba. Ya daɗe a kwance da robar iska a hanci. 'Yan fim sun yi zumunci, sun zo rukuni-rukuni sun cika ɗakin da turare da surutu, masu jinya na leƙe suna nuna jarumai. Mai Tanka ne ya zo shi kaɗai, da ledar lemo. Mutum ne mai fara'a, ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Ya zauna a bakin gado yana ɓare lemo.

"Maigida, kada ka sa komai a ranka. Na riƙe maka wurin. Ni nake shiga yanzu. Ashe abin ba wuya, sanyi ne kawai, ni kuwa ka san jikina kamar na kada."

Kawu ya janye robar daga hancinsa. "Wa yake bin wayoyin?"

"Masu fitila mana. Su ma sun iya."

"Akwatin fa?"

"Au, wannan? Ai ina jin ya lalace. Da mun kunna ruwa sai ya ɗauke mana wuta, da mun mayar ya sake ɗaukewa. Ya hana mu aiki. Darakta ya ce a cire shi sai ka warke ka duba."

Kawu ya rufe ido. Na ɗauka barci ne ya ɗauke shi, sai na ga hannunsa ya damƙe zanen gado. "Bai lalace ba," ya ce. "Aikinsa yake yi. Wuta tana shiga ruwan."

"Haba Maigida, ga ni a gabanka. Kullum ina ciki."

Da aka sallame shi bai kwana biyu a gida ba ya nemi takalminsa. Anti ta tsaya a bakin ƙofa.

"Injiniya, in ka shiga ruwan nan, kada ka dawo mini gida."

"Ba shiga zan yi ba. Magana zan yi."

"Maganar da ka yi wancan karon ita ta kwantar da kai." Da ta ga ba zai zauna ba, sai ta miƙo mini abin shaƙar ba tare da ta dube ni ba.

Wani fim ne daban, amma siton ɗaya ne, Darakta ɗaya, jaruma ɗaya. Sun yi murna da ganinsa. Aka kawo masa kujera, aka ce sannu da jiki, wani ya ce ya rame ya koma saurayi. Shi kuwa idonsa yana ƙasa. Wayoyi a kwance a kan siminti, an naɗe haɗinsu da leda an ɗaure da ƙyalle. Ƙarfen da yake kafawa yana jingine a bango, an rataye masa hula. Akwatin yana can gefe, an jera kofunan shayi a kansa.

"Darakta," ya ce, "kada ku kunna ruwan nan."

"Damina, zauna ka huta. Yau kai baƙo ne."

Muryarsa ba ta da ƙarfin da za ta tsallake ƙarar janareta. Aka buɗe famfo. Mai Tanka ya tuɓe silifas, ya naɗe wando, ya shiga tsakiya ya buɗe hannuwa ya juya, daidai yadda Kawu yake yi, har da karkatar da kai. Ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya mutu?" Aka yi dariya, wasu suna waiwayen Kawu don ya ji daɗi. Jarumar ta miƙa wa mai kwalliya mayafinta ta nufi ruwan.

Ban ga tashin Kawu ba. Na dai ji janareta ya yi shiru, wurin ya yi duhu, ruwa na ci gaba da zuba. Da aka yaye yadin ƙofa sai ga shi a waje, ya dafa injin da hannu biyu yana neman numfashi. Na kai masa abin shaƙa.

Darakta ya fito, jama'a na bayansa. Bai yi ihu ba. "Damina, da girmanka? In aikin kake so a mayar maka, ai sai ka faɗa. Ba sai ka ɓata mana wuni ba."

"Ba na son komai. Ku ɗage wayoyin, ku kafa ƙarfen, ku mayar da akwatin. Ni zan yi muku, kyauta."

"Akwatin da ke hana mu aiki?"

"Yana hana ku ne don akwai wuta a ruwan."

"Bawan Allah, ga mutum ya shiga ya fito lafiya a gabanka." Darakta ya nuna Mai Tanka, wanda ke tsaye ruwa na ɗiga daga gemunsa, fuskarsa cike da damuwa. "In an shiga an fito, ba komai ke nan. Ba kai ka koya mana ba?"

Kawu ya miƙo mini abin shaƙar. Wata daga baya ta ce ciwo ne, yana taɓa mutum. Wani ya ce a'a, kishi dai. Mai Tanka ne ya riƙo hannunsa ya raka mu har bakin titi, yana cewa, "Yi haƙuri Maigida, je ka huta, wallahi ina kula." Ya tsayar mana da mota ya buɗe masa ƙofa. Ba mu bar layin ba muka ji janareta ya tashi.

Ba abin da ya faru ranar. Fim ɗin ya fito, ruwan cikinsa ya yi kyau daidai gwargwado, ba wanda ya lura da bambanci. Labari kuma ya zaga cewa Damina ba lafiya, kuma ya fara rigima. Wayarsa ta daina ƙara. Ya gwada neman aiki a ma'aikatun ruwa, amma shekaru sun ja, kuma duk inda aka tambaye shi ina ya yi aiki tun bayan karatu, amsar takan sa a yi murmushi a ce za a neme shi. Yanzu a ƙofar gida yake zama yana gyara wa maƙwabta injin jan ruwa, ya ɗaura mayafi a wuya ko ana zafi. Anti tana shanya a kan bututan, ba mai kwashewa. Ummata ta daina yi masa tsiyar wankan ƙattai, wannan kuma ya fi tsiyar ciwo.

A shekarata ta ƙarshe wani baƙo ya zo jami'a ya yi lacca kan damar da injiniyoyi ke da ita a harkar fim. Ya ce ƙofofi a buɗe suke, ya lissafa sauti da haske da na'urori, ɗalibai suna ta rubutawa. Da na dawo na ba Kawu labari. Ya daɗe yana juya sukurudireba a hannu.

"Gaskiya ya faɗa," ya ce. "Aiki akwai. Ki dai ce musu kada su cire takalmi."

Na gama karatu na bar gidan, amma ina zuwa. Ya san ina bin labaran 'yan fim a waya. Bayan mun gaisa, bayan ya tambayi Ummata, sai ya rage murya don kada Anti ta ji, ya ce, "'Yar Yaya, ba wani labari daga wajen mutanen nan?" In ce babu. Ya ce alhamdu lillahi, ya koma kan injinsa. Zuwa na gaba ya sake tambaya.

Ranar da na je ta ƙarshe hadari ya haɗo da yamma. Anti ta fito da gudu ta kwashe shanya, ta kora shi ɗaki kamar yaro, ta rufe ƙofa ta ƙara masa bargo. Ya ja kujera ya zauna a bakin taga, ƙarƙashin hoton madatsar. Ruwa ya sauko a kan bututan da ke tsakar gida. Ya kalle shi tsawon lokaci, numfashinsa na fita da 'yar ƙara.

"Ɗigon ya yi ƙanana," ya ce. "Ba zai fito ba."